Kurkurar Japan ko babur mai ƙafa huɗu: zaɓin mafarautan Amurka da ya kai gaban majalisa

A jihohin kudancin Amurka, aikin farauta yakan fara tun kafin a taɓa bindiga. Daga watan Agusta zuwa Satumba, zafi bai gama sauka ba, mai dajin farauta a Texas, Georgia ko Alabama yakan ƙarar da ranakun hutunsa wajen dako. Akwai buhunan masara da za a zuba a gangunan da ke watsa wa barewa hatsi safe da yamma. Akwai farar ƙasa da takin zamani na 'yan gayaunun da ake shukawa a tsakiyar daji domin namun su saba da wurin. Akwai zarto mai inji na datse itatuwan da iska ta kayar a kan hanya, da katako da kwanon rufi na gyaran rumfunan kwanto, da wayar shingen da aladun daji suka tumɓuke. Ranakun harbin kansu ba su taka kara sun karya ba idan aka auna su da ranakun jigila.

Shekara da shekaru, amsar wannan jigila ɗaya ce: babur mai ƙafa huɗu, wanda ake kira ATV, ko kuma ƙaninsa mai sitiyari da kujeru a jere da ɗan akwati a baya, wato UTV. Sai ga wata baƙuwa ta shigo kasuwa daga Japan, ƙaramar a-kori-kura mai kai kamar akwati, sitiyarinta a hannun dama, ta kuma haura shekara 25 da ƙerawa. Mutumin Kano ba ya bukatar a kwatanta masa ita. Dangin Daihatsu Hijet da Suzuki Carry ce, irin wadda ake kira kurkura, mai dakon ruwan leda da kayan kasuwa. Abin da yake na neman abinci a Kano shi ne ya zama abin marmari a Amurka, har ana shari'a da zaman majalisa a kansa.

Kwatanta injinan biyu ba shi da wuya. Abin da ya sa zaɓin ya yi nauyi shi ne yawancin abubuwan da ke yanke shi ba su cikin inji. Suna cikin wani haraji da aka ƙaƙaba saboda rikicin kaji, da wata doka da aka yi domin kare dillalan motocin alfarma, da hukuncin jami'an rajistar mota waɗanda ba wanda ya zaɓe su.

Ƙasar wa ake magana a kai?

Binciken hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka na 2022 ya ƙiyasta mafarauta miliyan 14.4 a ƙasar. Ba duka ne wannan tambaya ta shafa ba. Gwamnatin tarayya tana riƙe da kusan eka miliyan 640, kimanin kashi 28 cikin 100 na faɗin ƙasar, amma akasarinta a yamma take da kuma Alaska. Mafarauci a Nevada ko Idaho yana shiga dajin gwamnati da lasisinsa, ba shi da gayaunar shukawa, ba shi da shingen gyarawa. A Texas kuwa kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar mallakar ɗaiɗaikun mutane ce. Wanda ba shi da tasa sai ya yi haya, shi kaɗai ko da abokai, shekara-shekara. A Georgia, Alabama da Mississippi, kamfanonin katako irin su Weyerhaeuser da Rayonier suna bai wa ƙungiyoyin mafarauta hayar dazuzzukansu.

Wannan bambanci shi ne matakin farko na zaɓin. A dazuzzukan gwamnati, tun dokar zirga-zirgar ababen hawa ta 2005, hukumar gandun daji tana fitar da taswirar da ke nuna hanyar da kowane irin abin hawa zai bi, kuma hanyoyi da yawa an keɓe su ga abin da faɗinsa bai wuce inci 50 ba, wato santimita 127. Babur mai ƙafa huɗu yana shigewa. Kurkura, mai faɗin santimita 140 zuwa 148, ba ta shiga, haka ma yawancin manyan UTV. A yankunan da dokar 1964 ta ayyana a matsayin dajin da ba a taɓawa, ko wane inji haramun ne, sai ƙafa ko doki. Saboda haka gardamar kurkura da babur gardama ce ta mai ƙasa ko mai haya. Mafaraucin da ya dogara da dajin gwamnati, doka ta riga ta zaɓar masa.

Abin da kowanne yake iyawa

Kurkura 'yar doka ce tun daga haihuwa. A 1949 Japan ta ƙirƙiro rukunin ƙananan motoci da ake kira kei, ta sassauta musu haraji domin talaka da manomi su samu abin hawa bayan yaƙi. Ƙa'idar da ake bi tun 1998 ta ce tsawo kada ya wuce mita 3.4, faɗi mita 1.48, tsayi mita 2, inji kuma cc 660, ƙarami fiye da na wasu manyan babura. Nauyin kayan da aka yarda ta ɗauka kilo 350 ne. Da yake an hana ta girma, sai maƙeranta suka tura direba can gaba, suka ɓoye inji a ƙarƙashin kujera ko ƙarƙashin bodi, suka bar wa kaya duk sauran wurin. Abin da ya fito shi ne bodi mai tsawon kusan mita 2 da faɗin mita 1.4, wanda gefunansa uku ke buɗewa ƙasa ya koma shimfiɗaɗɗen tebur. Tsawon nan ya fi na bodin wasu manyan a-kori-kura na Amurka masu ƙofa huɗu, waɗanda suka ninka ta nauyi sau uku.

A lissafin dajin farauta, wannan na nufin buhu 15 na masara a sawu ɗaya, tunda buhun Amurka kusan kilo 23 ne. Matsakaicin babur mai ƙafa huɗu, idan aka haɗa kariyarsa ta gaba da ta baya, bai fi ya ɗauki buhu huɗu zuwa biyar ba sai an ɗaura masa tirela. A ƙasa mai tsami irin ta kudu maso gabas, eka ɗaya ta gayauna tana iya cin tan ɗaya ko biyu na farar ƙasa. Mai kurkura zai kai tan ɗaya a sawu uku. Mai babur zai wuni yana kai da komo, ko ya ja tirelar da ke neman ture shi a kowace gangara.

Sai kuma jin daɗin da ba a cika faɗa ba sai sanyi ya sauko. Kurkura tana da ƙofa, da gilashi, da hita, wasu har da na'urar sanyaya iska. Bindiga da tufafi suna zama a bushe. Dattijon da gwiwa ta fara ba shi matsala yana iya shiga ya zauna, ya kuma ɗauki jikansa a gefe. Bodinta yana ƙasa-ƙasa, ga gefe mai buɗewa, don haka ɗora barewa mai farar wutsiya, wadda namijinta kan kai kilo 70 zuwa sama da 100, ba ya karya ƙugu. Yawancin waɗanda ake kawowa domin aikin daji masu ja da ƙafa huɗu ne, da yawa kuma suna da giyar ƙarfi ta hawan tudu, wasu har da makullin da ke tilasta wa ƙafafun baya juyawa tare. An ƙera su ne domin kunyoyin gonakin shinkafa da hanyoyin tsaunukan Japan, ba domin kwalta kaɗai ba.

Amma hanyar gona daban, daji daban. Cikin kurkura bai fi tazarar santimita 15 ko 16 daga ƙasa ba, tayoyinta kuma ƙanana ne masu inci 12. Babur mai ƙafa huɗu yana da tazarar santimita 25 zuwa 30, da tayoyi masu faɗi da ƙarancin iska waɗanda ke shawagi a kan laka maimakon nutsewa. A fadamun kogin Mississippi, inda ruwan hunturu ke mayar da hanya kunu, kurkura tana zama a kan cikinta, ƙafafu suna juyi a banza. Idan babur mai nauyin kilo 300 ya kafe, mutum biyu ko igiyar injin ja da ke gabansa sun isa su fitar da shi. Idan mota mai kilo 700 ta kafe, sai an nemo tarakta. Haka nan idan barewar da aka harba ta ruga ta faɗi a cikin kwari tsakanin itatuwa, babur ne zai kutsa ya jawo ta. Masu kurkura sukan ɗaga ta da inci biyu su sa mata manyan tayoyi, amma hakan yana rage wa ɗan injin ƙarfi, yana kuma ƙara mata saurin kifewa a gefen tudu.

UTV ita ce ta tsaya tsakani, kuma ita ce ainihin kishiyar kurkura. Kawasaki ta fito da Mule a 1988, John Deere da Polaris da Yamaha suka biyo baya. Babbar Polaris Ranger tana ɗaukar kusan kilo 450 a akwatinta, fiye da abin da aka rubuta wa kurkura, tana kuma jan tirela mai sama da tan ɗaya. Sai dai akwatin gajere ne, bai kai mita ɗaya ba, doguwar tsani ko falankin katako ba ya zama a ciki. Babban cikas ɗinta kuɗi ne. Sabuwar UTV mai rufaffen ɗaki da hita da na'urar sanyi tana kai dala 30,000, wani lokaci ta wuce. Kurkura mai lafiya, da kuɗin jirgi da na kwastan, yawanci tana tsayawa tsakanin dala 5,000 zuwa 10,000, wato kusan kuɗin sabon babur mai ƙafa huɗu wanda ba shi da ko inuwa.

Arahar tana da nata haraji. Mota ce da ta kwana shekara 25 ko 30, robobinta sun bushe, tsatsa tana iya cin ƙarfen ƙarƙashinta idan daga yankin ƙanƙara ta fito, yawanci kuma giyar hannu ce da ake sawa da hagu. Dillalin Polaris ko Honda yana nan a kusan kowane babban garin karkara, da makanikai da kayan gyara a kan kanta. Mai kurkura kuwa ta intanet yake odar kaya, wani lokaci daga Japan, kuma idan famfon mai ya mutu ana saura kwana uku a buɗe farauta, babu wanda zai kai wa kuka.

Kaji, Mercedes da shekara 25

Tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya sa sai tsohuwa? Suzuki da Daihatsu suna nan suna ƙera sabbi kowace shekara. Amsar tana da tushe biyu, kuma babu wanda ya shafi farauta.

Na farko ya faro ne daga kaji. A farkon shekarun 1960, kajin Amurka masu araha sun cika kasuwannin Turai, sai ƙasashen tarayyar kasuwancin Turai, musamman Jamus ta Yamma da Faransa, suka ɗora musu haraji mai nauyi. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin 100 a kan sitacin dankali, da wani sinadarin sitaci, da barasar burandi, da ƙananan motocin ɗaukar kaya, aka fara aiki da shi a watan Janairun 1964. Abin da aka nufa a lokacin shi ne motocin Volkswagen. An daɗe da janye harajin daga sauran kayan, amma na motocin kaya yana nan, sama da shekara 60, domin ya zama katangar da ta kare kasuwar da kamfanonin Detroit suka fi cin riba a cikinta. Kamfanoni sun sha yi masa dabara. Subaru ta taɓa kafa kujeru biyu a bodin wata a-kori-kura tata domin a kira ta motar fasinja. Ford ta riƙa shigo da motocin Transit Connect daga Turkiyya da kujerun baya, tana cire su bayan sun wuce kwastan, abin da ya kai ta ga biyan dala miliyan 365 a 2024 domin kashe maganar. Harajin bai bar tsofaffin motoci ba. Wanda ya shigo da kurkura mai shekara 30 yana biyan kashi 25, alhali harajin asali na motar fasinja kashi 2.5 ne.

Tushe na biyu shi ne dokar 1988. A tsakiyar shekarun 1980, dala ta yi ƙarfi, Amurkawa suka gano cewa sayo Mercedes kai tsaye daga Jamus ya fi araha a kan saye wurin dillalin gida. A 1985 kaɗai motoci sama da 60,000 suka shigo ta wannan hanya. Reshen Mercedes na Amurka ya jagoranci kamun ƙafa a majalisa, aka yi dokar da Shugaba Ronald Reagan ya sanya wa hannu, wadda ta kusan rufe ƙofar shigo da duk motar da ba a ƙera bisa ƙa'idojin kariya na Amurka ba. An bar kafa ɗaya: motar da ta cika shekara 25 tana iya shigowa ba tare da cika waɗannan ƙa'idoji ba, bisa tunanin cewa sai masu tara tsofaffin motoci ne za su damu da ita.

Ba a yi zaton manoma da mafarauta ba. Motocin kei masu injin cc 660 sun fara fitowa a 1990, saboda haka daga 2015 suka fara cancanta, kowace shekara kuma sabon rukuni yana shiga layi. A Japan, binciken lafiyar mota na tilas da ake yi duk shekara biyu yana sa riƙe tsohuwar mota ya yi tsada, manoman karkara kuma suna tsufa suna barin gona, don haka motoci masu ƙarancin tafiya suna cika wuraren gwanjo. A 2023 an shigo da kusan 7,500 Amurka. Adadin ƙarami ne a ƙasar da ake sayar da miliyoyin a-kori-kura duk shekara, amma ya isa ya tayar da hankalin hukumomi.

Akwai hanya ta biyu ta shigo da sabuwar kurkura: a matsayin injin gona wanda ba zai hau titi ba, da sharaɗin a daƙile gudunsa kada ya wuce mil 25, wato kilomita 40, a sa'a. Ga wanda motarsa ba za ta taɓa fita daga shinge ba, wannan ya wadatar. A nan ne abin mamakin dokar yake fitowa fili. Sabuwa, wadda ta fi inganci da kariya, an ɗaure ta a gona. Tsohuwa, wadda ta fi rauni, ita ce ke da damar neman lamba.

Rigimar lamba

Gwamnatin tarayya ce ke cewa mota ta shigo, amma jiha ce ke cewa ta hau titi. Ga mafarauci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dajin haya ba kasafai yake dunƙule wuri ɗaya ba. Sau da yawa titin ƙaramar hukuma ya raba shi biyu, shagon sayar da masara yana nisan kilomita goma, mai fiɗar nama kuma yana cikin gari. Mota mai lamba tana yin duk wannan da kanta. Wadda ba ta da lamba sai an ɗora ta a tirela, an ja ta da babbar mota, kuma da zarar an kai nan rabin dalilin sayen ta ya tafi.

Akwai wata ƙungiya ta shugabannin hukumomin rajistar motoci na jihohin Amurka da lardunan Kanada, AAMVA. Ba hukumar gwamnati ba ce, ba ta yin doka, shawara kawai take bayarwa. Tun 2011 ta shawarci jihohi kada su yi wa ƙananan motocin kaya rajistar hawa titi, ta kuma sake jaddada matsayin a wata takarda ta 2021. Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. A 2021 Maine ta gyara dokarta ta fara soke rajistar motocin Japan da aka shigo da su, Rhode Island ta aika wa masu su takardun neman su mayar da lamba, Georgia ta bi sahu a 2023. Mutanen da suka bi doka, suka biya kwastan, suka biya inshora, suka wayi gari da motar da ba ta da izinin wuce bakin ƙofa. A wurare da dama ba a yi muhawara a majalisa ba, sanarwa ce kawai daga ofis.

Martanin ya fito ne daga inda ba a zata ba. A Texas, masu irin waɗannan motoci suka kafa ƙungiyar Lone Star Kei, suka bi 'yan majalisar jiha ɗaya bayan ɗaya, har hukumar rajista ta janye haramcinta a watan Afrilun 2024, majalisa kuma ta mayar da izinin doka a 2025. Massachusetts ta sanar da nata haramcin a tsakiyar 2024, ta janye shi a watan Satumba bayan masu motocin sun yi ƙorafi. Michigan ta sauya matsayi a shekarar bayan an kai ta kotu. Haɗin da ya ci wannan nasara abin kallo ne a Amurkar da ta rabu biyu: manoma da mafarauta masu ra'ayin mazan jiya da ke ƙin katsalandan na hukuma, tare da matasan birni masu ƙorafin cewa motocin zamani sun yi girman da ke kashe masu tafiya a ƙafa. Dalilansu ba su haɗu ba, amma takardar koke ɗaya suka sa wa hannu.

Maganar ta kai har fadar White House. A watan Disambar 2025 Shugaba Donald Trump ya yaba ƙananan motocin da ya gani a Japan, ya ce ya umarci sakataren sufuri Sean Duffy ya share hanyar ƙera irinsu a Amurka. Furucin ya shafi sabbin motoci ne da za a ƙera a gida. Bai taɓa harajin 1964 ba, bai taɓa ƙa'idar shekara 25 ba, kuma ba shi da iko a kan ofishin rajistar kowace jiha.

Hujjar haɗari, da inda ta yi rauni

Hukumomin da suka hana kurkura lamba ba ƙarya suka yi ba. A yawancin tsofaffin samfurin, babu komai tsakanin gwiwar direba da abin da zai buga sai fallen ƙarfe da fitila. Babu jakar iska. A 2010 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta yi gwajin karo tsakanin wata ƙaramar motar kaya ƙirar China da Ford Ranger, wadda ita ma ƙarama ce a ma'aunin Amurka, sakamakon kuma ya nuna direban ƙaramar zai ji mummunan rauni. A babbar hanyar da ake gudun kilomita 110 a sa'a, tsakanin tireloli da motoci masu tan uku, kurkura ba ta da wurin zama, kuma mai gaskiya a cikin masoyanta ba ya musun haka.

Raunin hujjar yana bayyana ne idan aka dubi abin da aka bari. Babur mai ƙafa huɗu yana da tarihin jini. Kakansa mai ƙafa uku, wanda Honda ta fito da shi a 1970, ya hallaka mutane da yawa, musamman yara, har gwamnati da kamfanoni suka cimma yarjejeniya a 1988 aka daina sayar da sabbi. Suzuki ta riga ta kawo mai ƙafa huɗu a 1982, shi ya gaje kasuwar. Har yau hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka tana ƙirga mutuwar ɗaruruwan mutane duk shekara a kan irin waɗannan injina, da kusan mutum 100,000 da ake kaiwa sashen gaggawa. Babur ɗin ba shi da rufi, ba shi da bel, yana bukatar mahayi ya riƙa karkata jikinsa a kwana da gangara, idan kuma ya kife kan mutum yake faɗawa. Ɗora masa buhuna a baya yana ƙara masa saurin tashi da ƙafafun gaba a hawan tudu, wanda shi ne ainihin aikin da ake sa shi a dajin farauta.

Kamfanonin da ke ƙera shi da kansu suna rubuta gargaɗi a jikinsa cewa kada a hau kwalta da shi, kuma bincike ya nuna fiye da rabin mace-macen a kan titi suke faruwa. Duk da haka jihohi da ƙananan hukumomi da dama, daga Arizona da Utah zuwa Wisconsin da West Virginia, sun buɗe wasu titunansu ga ATV ko UTV, saboda kuɗin da masu yawon buɗe ido ke kawowa da kuma matsin masu jefa ƙuri'a na karkara. Haka kuma babu jihar da ta hana babur mai ƙafa biyu lamba, ko motar Amurka ƙirar 1965 wadda ba ta da jakar iska ita ma. Ba sai an yi zargin wata maƙarƙashiya ba kafin a ga bambancin. Polaris tana da hedikwata da masana'anta a Minnesota, Kawasaki tana haɗa nata a Nebraska, Yamaha a Georgia, kowanne da ma'aikata da dillalai da ɗan majalisar da ya san da zamansu. Kurkura ba ta da masana'anta a kowace mazaɓa.

A cikin daji, inda gudu ba ya wuce na keke, lissafin haɗarin yana juyawa. Ɗakin ƙarfe da bel da faɗin ƙafafu sun fi zama a kan sirdi aminci, musamman ga tsoho ko ga wanda zai ɗauki yaro. A kan babban titi, duka biyun ba su dace ba. A kan ɗan titin karkara mai ƙarancin motoci, wanda shi ne ainihin abin da mafarauci ke bukata, da wuya a kare dokar da ta yarda da UTV ta hana kurkura.

Abin da ya rage wa mai saye

Idan aka ajiye siyasa gefe, ƙasar ce ke magana. Mai dajin da ke da hanyoyin mota, ƙasa mai tauri irin ta tsakiyar Texas, da gangunan masara da gayauni da yawa, kurkura ta fi masa, da tazara mai yawa, ko da ba za ta samu lamba ba. Mai fadama, ko tsauni mai duwatsu da kututture, ko wanda rabin farautarsa a dajin gwamnati take, babur ne nasa, ya haɗa da hular kwano da ƙaramar tirela. UTV ta wanda ke son duka biyun ce kuma yana da abin biya. Ƙungiyoyin haya da yawa sukan ƙare da injina biyu, tsohuwar mota ta dako da tsohon babur na jawo nama, kuɗinsu a haɗe bai kai na sabuwar UTV ɗaya ba.

Sai dai siyasar ba ta ajiyuwa. Kafin mai saye ya duba tsatsa ko ya ƙirga kilomita, sai ya fara kiran ofishin rajista na jiharsa, ya kuma sake kira, domin amsar ta sha sauyawa cikin shekara ɗaya, wani lokaci ma daga ofishi zuwa ofishi a jiha guda. Colorado ta nuna yadda sasantawar za ta iya kasancewa. A 2025 Gwamna Jared Polis ya sanya hannu a dokar da ta halatta wa motocin kei hawa titunan da iyakar gudunsu ba ta wuce mil 55 a sa'a ba, ta hana su manyan hanyoyi. Dokar ba za ta fara aiki ba sai watan Yulin 2027, saboda haka mafaraucin Colorado da ya riga ya sayi tasa zai ci gaba da ɗora ta a tirela har zuwa lokacin.